Kiwon Kunamar Teku da Renon 'Ya'yanta

1. Kifi mai kama da faifai

A cikin halittun da Allah ya zuba a ruwa akwai wani kifi wanda in mutum ya fara ganinsa ba zai ce kifi ne ba. Ba shi da tsawo irin na tarwaɗa, ba shi da ɓawo irin na karfasa. Shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi kamar faifai, ga wutsiya doguwa siririya kamar bulala. A bisa wutsiyar nan akwai wani ƙari mai tsini, gefensa da haƙora kamar na zarto, kuma da dafi a jikinsa. Saboda wannan ƙari ne Hausawa masu su suka sa wa kifin suna kunamar ruwa.

Akwai irinta a kogin Binuwai da kogin Kwara. A shekarar 1962 waɗansu masana biyu Faransawa suka rubuta bayaninta, suka raɗa mata sunan da ya samo asali daga garin Garwa na ƙasar Kamaru, domin a can aka kamo waɗanda suka bincika. Faɗinta ba ya wuce santimita 40. Amma ita wannan ta kogi ƙanƙanuwa ce cikin danginta. Yawancin 'yan'uwanta a teku suke zaune, cikin ruwan gishiri, waɗansu kuwa faɗinsu ya fi tsawon tabarmar salla. Su ne ake kira kunamar teku a wannan darasi.

Kunamar teku ba ta da ƙashi ko ɗaya a jikinta, sai guringuntsi irin na kunnen mutum. Wajen wannan ta yi daidai da babban kifin nan mai cin nama da ake kira shak, gama dangi ɗaya ne. Idanunta suna bisa, bakinta yana ƙasa. Bayan kowane ido akwai rami guda, ta nan take zuƙar ruwa don numfashi sa'ad da ta binne kanta cikin rairayi, ruwan kuma ya fita ta waɗansu tsagogi biyar biyar da ke ƙarƙashinta. Da yake bakin yana ƙasa, ba ta ganin abin da take ci. Da sunsuna take nemansa, da kuma waɗansu ƙananan kafofi da ke kewaye da bakinta, masu jin ɗan ƙarfin lantarki da ke fita daga jikin kowane abu mai rai. Minjirya tana jan mutum da lantarki, ita kuwa wannan da shi take gane inda ƙaguwa ko tsutsa ta ɓuya a ƙarƙashin yashi.

Ba ta da faɗa. Ba ta bin mutum ta harbe shi, sai in ya taka ta. Wanda ta harba, sai a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda zai iya jurewa ba tare da ya ƙone ba, gama zafi yana rage raɗaɗin dafin, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti.

2. Kifin da yake haihuwa

Yawancin kifaye ƙwai suke zubawa a ruwa. Tarwaɗa guda takan zuba ƙwai dubbai a lokaci ɗaya, ta tafi abinta. Waɗansu a cinye su, waɗansu su lalace, sauran su ƙyanƙyashe su girma. Ko da an yi asarar mafi yawa, abin da ya rage ya isa ya cika tafki.

Kunamar teku ba haka take ba. Ƙwanta ba ya fita waje, a cikin mahaifarta yake zama har ya ƙyanƙyashe. Da fari ɗan yana rayuwa da gwaiduwar ƙwan, kamar yadda ɗan tsako yake yi kafin ya fasa ɓawo. In gwaiduwa ta ƙare, sai bangon mahaifa, wanda ya tsiro da waɗansu zare-zare masu laushi, ya riƙa tsattsafo wani ruwa mai kauri mai maiƙo. Masana suna kiransa nonon mahaifa. Shi ɗan zai yi ta sha har ranar da za a haife shi. Babu igiyar cibiya da ta haɗa shi da jikin uwa kamar yadda take ga ɗan akuya, amma duk da haka da ransa yake fitowa, da kamanninsa cikakku.

To, uwar da take ciyar da 'ya'ya a cikinta ba ta iya ɗaukar dubu. 'Yan kaɗan take haifa, kuma sai ta yi shekaru kafin ta isa haihuwar fari. Saboda haka kowane ɗa guda na kunamar teku yana da daraja ƙwarai. In masunta suka kwashe iyaye mata daga wani wuri, sai a daɗe wurin bai koma yadda yake ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana suka dage wajen koyon kiwonta da renon 'ya'yanta.

3. Gidan kifi

A manyan biranen duniya akwai gidaje da aka gina musamman don ajiye halittun ruwa, kamar yadda ake ajiye namun daji a gidan zu na Kano. A ciki akwai manyan tankuna masu bangon gilashi, mutane su biya kuɗi su shiga kallo, masana kuma su yi bincike. Ɗaya daga cikinsu yana birnin Baltimore na ƙasar Amurka, an buɗe shi a shekarar 1981. A can aka daɗe ana kiwon wata irin kunamar teku wadda masana suke kira *Hypanus americanus*. Mazauninta na asali shi ne yammacin tekun Atlantika, tun daga gaɓar Amurka, ta tsibiran Karibiyan, har zuwa Brazil. Tamata takan kai faɗin mita ɗaya da rabi, namiji kuwa ko rabin wannan da ƙyar yake kaiwa.

Wanda zai yi kiwon wannan kifi, dole ya fara gyara masa ruwa. Tankin ya zama mai faɗi ƙwarai, gama faɗi ya fi zurfi amfani ga kifin da yake kwana a ƙasa. A shimfiɗa rairayi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana kuje mata ciki, ƙujewar kuma ta zama gyambo. Ruwan ya zama da ɗumi irin na tekun da iyayen suka fito, kada ya yi ta hawa da sauka.

Sai kuma gishiri. A cikin kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, watau kimanin babban cokali biyu. Inda teku take nesa, sai a dama wani gishiri na musamman da ruwa mai tsabta. Gishirin miya kaɗai bai isa ba, don ruwan teku yana ɗauke da waɗansu ma'adinai dabam waɗanda jikin kifin yake bukata.

Abu na uku shi ne tsabta. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin wata guba da ake kira amoniya. A teku ruwa yana da yawa, gubar sai ta watse. A tanki kuwa ba ta da wurin zuwa. Don haka famfo yake zagayawa da ruwan dare da rana, yana bi da shi ta cikin matata. A cikin matatar akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne suke juyar da gubar ta zama abin da cutarsa ba ta da yawa. Kullum ma'aikata sukan ɗebi ruwa su auna, su rubuta abin da suka samu a littafi, loto-loto kuma su zubar da wani kashi su zuba sabo.

4. Ciki da haihuwa

Ana gane namiji da waɗansu gaɓoɓi biyu masu kama da yatsu a gindin wutsiyarsa. Tamata ba ta da su. In lokacin barbara ya yi, namiji yakan yi ta bin tamata, ya kama gefen jikinta da haƙora don ya riƙe ta. Wannan cizo yakan bar mata rauni. Yawanci raunin yana warkewa da kansa, amma ma'aikata suna sa ido, in sun ga maza sun dame ta sai su raba su.

Da ciki ya tsufa, sai a ga bayan uwa ya kumbura wajen gindin wutsiya, har wani lokaci a hangi motsin 'ya'yan a ƙarƙashin fata. Likitan dabbobi yakan duba ta da na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita a asibiti, ya ga ko 'ya'yan suna da rai, ya kuma kintaci lokacin haihuwa.

Wani masani mai suna Alan Henningsen ya bi lissafin haihuwar waɗannan kifaye a gidan kifi na Baltimore, ya buga abin da ya samu a shekarar 2000. Ya ga cikinsu yana ɗaukar kwana 135 zuwa 226, watau daga wata huɗu da rabi zuwa wata bakwai da rabi. Uwa tana haifar 'ya'ya 2 zuwa 10, amma in an daidaita sai a ce huɗu huɗu. Faɗin jariri daga santimita 20 zuwa 34 ne, nauyinsa kuwa daga giram 282 zuwa giram 1,128. A tanki uwa takan haihu sau biyu a shekara, a teku kuwa sau ɗaya.

Yaro mai tunani zai tambaya, yaya ɗa mai faɗi haka, ga shi da ƙari, yake fitowa bai yi wa uwarsa rauni ba? Ikon Allah sai kallo. A naɗe yake fitowa kamar tabarma, ƙarin kuma a lokacin yana da taushi, yana lulluɓe cikin wata 'yar fata kamar wuƙa cikin kube. Da fitowarsa sai ya warware, ya kaɗa gefen jikinsa, ya kama iyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga nan aikin uwa ya ƙare. Ba ta shayar da shi, ba ta tsaronsa, ba ta ko waiwayarsa. A teku jariri yakan nemi wuri marar zurfi ya ɓuya cikin rairayi, don manyan kifaye irin su shak suna farautarsa. A tanki kuwa ba wurin gudu. Don haka ko dai a keɓe uwa ita kaɗai tun kafin ta haihu, ko kuwa a kwashe jariran da zarar an gan su.

5. Renon jarirai

Ma'aikaci yakan kamo jariri da roba mai faɗi ko koma mai laushi, a hankali, gama ƙarin yana iya sarƙewa cikin raga. Yana kuma sa safar hannu mai kauri, domin ba a daɗewa ƙarin yake taurarewa, kuma da dafinsa. Sai a ɗora jaririn a ma'auni, a auna faɗinsa, a duba namiji ne ko tamata, a rubuta ranar haihuwarsa da uwar da ta haife shi. In ya ɗan tasa, a waɗansu gidaje akan sa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa, don kada a rikita shi da 'yan'uwansa.

Tankin jarirai ba shi da zurfi, don a riƙa ganin kowannensu sarai. Bakin bututun da yake zuƙar ruwa sai an rufe shi da raga, in ba haka ba ƙarfin ruwa ya manne jariri a jiki. Abin ɗumama ruwa shi ma sai an kange shi, don jariri yakan kwanta a kansa ya ƙone.

Aiki mafi wuya shi ne sa jariri ya fara ci. Kwanakin farko yakan ƙi abinci, yana rayuwa da abin da ya tara a jikinsa tun yana ciki. Amma wannan guzuri ba ya daɗewa, in ya ƙare bai fara ci ba, rai yana cikin hatsari. Dabarar ma'aikata ita ce su fara ba shi abu mai rai, kamar ƙananan jatan lande da tsutsotsi, gama motsi shi yake jawo hankalinsa. In ya saba, sai a riƙa cuɗa su da yankakken jatan lande da naman kifi da na katantanwar teku, an yanka ƙanana daidai bakinsa. Sannu sannu har ya karɓi yankakken abinci zalla.

Jariri cikinsa ƙarami ne, jikinsa kuwa yana girma da sauri, saboda haka kaɗan kaɗan ake ba shi, sau da yawa a yini. Abin da ya rage a kwashe nan da nan kada ya ɓata ruwa. Ma'aikaci ba ya zuba abinci ya juya baya. Yakan tsaya ya ga kowa ya samu, don mai ƙarfi yakan kwanta a kan abincin ya rufe shi da jikinsa, raunana su kwana da yunwa.

Akwai alamun da ake gane jaririn da yake ramewa. Tsakanin idanunsa yakan lotsa, gaɓoɓin ƙugunsa biyu su turo fata a gindin wutsiya. In kuwa gefen jikinsa ya fara lanƙwashewa sama, to ciwo ya yi nisa. Irin wannan jariri sai a ware shi. Likita ya niƙa kifi da jatan lande su yi ruwa-ruwa kamar kunu, ya zura masa siririn bututun roba ta baki har ciki, ya ɗura masa da sirinji. Haka za a yi ta yi har ya sami ƙarfin ci da kansa. Ana auna nauyin jarirai a kai a kai, gama ma'auni yakan nuna matsala tun ido bai gan ta ba.

6. Ciwo da rigakafi

Kunamar teku tana yin maƙoƙo kamar mutum, kuma dalilin ɗaya ne, watau ƙarancin sinadarin aidin, wanda saboda shi ake sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa a kasuwa. Kifin da ya daɗe cikin ƙanƙara kuma yakan rasa waɗansu sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1. Don haka akan cusa ƙwayar magani mai aidin da bitamin cikin abincin kafin a ba su.

Wani abin lura kuma, maganin da yake warkar da wani kifi yana iya kashe wani. Akwai magani mai sinadarin jan ƙarfe da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin da suke manne wa kifaye, amma kunamar teku da danginta ba su jure shi. Hanyar da ta fi ita ce a hana cutar shigowa tun farko. Duk sabon kifin da aka kawo, sai ya yi makonni a tanki dabam ana dubansa kafin a haɗa shi da sauran. Rigakafi ya fi magani.

A gidajen da ake barin yara su taɓa bayan kifin da hannu, akan datse tsinin ƙarin kamar yadda ake yanke farce. Bayan 'yan watanni yakan sake tsirowa, a sake datsewa.

In reno ya yi kyau, namiji yakan isa barbara yana da shekara 3 zuwa 4, tamata kuwa sai ta kai 5 zuwa 6, faɗinta ya kai santimita 75 zuwa 80. Wannan iri na Amurka yana haihuwa a tanki ba wuya, har wani lokaci 'ya'ya su fi ƙarfin wuri, sai a raba maza da mata. Waɗanda aka rena akan aika da su waɗansu gidajen kifi, don kada a bukaci kamo sababbi daga teku. Littafin nan da aka rubuta asalin kowane jariri shi yake hana a haɗa wa da ƙanwa, gama irin wannan haɗi yana raunana zuriya.

7. Amfanin wannan wahala

A shekarar 2021 masanan ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da suke fuskantar ƙarewa, suka bincika kusan iri 1,200 na shak da kunamar teku da danginsu. Suka tarar wajen kashi ɗaya cikin uku suna cikin hatsarin ƙarewa, babban dalili kuwa shi ne yawan kamu. Wata ma ta riga ta tafi. A shekarar 1862 wani masani Bajamushe, Eduard von Martens, ya sayi wata 'yar kunamar teku a kasuwar kifi ta birnin Jakarta, a ƙasar Indunusiya ta yau. Tun daga ran nan ba masanin da ya sake samun irinta. A watan Disamba na 2023 aka ba da sanarwar cewa ta ƙare daga duniya. Kunamar ruwa ta Binuwai ita ma tana cikin jerin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu.

Tanki ba zai cika teku ba, kome yawan jariran da aka rena. Amfaninsa shi ne ilimi. A cikin teku ba mai iya bin uwa guda wata bakwai yana ƙirga kwanakin cikinta, amma a tanki ana iyawa. Da sanin kwanakin ciki, da yawan 'ya'ya, da shekarun balaga, hukuma take gane yawan da za a iya kamawa ba tare da an kashe iri ba, da wuraren da ya kamata a hana su a lokacin haihuwa. Dabarun reno da aka koya a kan irin da yake da yawa kuma, su za a ɗauka a yi aiki da su ranar da aka tashi ceton irin da ya kusa ƙarewa.

Masunci ma yana da nasa rabo a aikin. Uwa mai ciki in ta faɗa taru, tsoro da wahala sukan sa ta zubar da 'ya'yanta tun ba su isa ba. Wanda ya saki irin wannan uwa da sauri, tun tana cikin ruwa, ya bar wa kogi ko teku ita da 'ya'yan da za ta yi ta haifa har ƙarshen ranta. Manomi mai hankali ba ya cinye irin shuka, haka nan mai su mai hankali.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran wannan kifi kunamar ruwa?
2. Mene ne bambancin haihuwar tarwaɗa da ta kunamar teku?
3. Da me ɗan kunamar teku yake rayuwa bayan gwaiduwa ta ƙare?
4. Don me ake raba jarirai da manyan kifaye?
5. Waɗanne alamu ne suke nuna jariri yana ramewa?
6. In uwa tana haifar 'ya'ya 4 sau biyu a shekara, 'ya'ya nawa za ta haifa cikin shekara 5?